Gilashin da Na Goya Zuwa Kaduna

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta shigo ɗibar wuta sai ta tambaya, wadda ta zo aron turmi sai ta tambaya: "Inna Asabe, yaya Kaduna?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wadda ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Jiya na ji wai a shingen hanya aka ƙwace mini kwamfuta. Ƙarya ce. To ga shi na zauna na rubuta da hannuna, da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata. Amma in gaya muku tun yanzu, har yau raina bai gama hucewa ba.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Shekara hamsin da ɗoriya, iyakata Randagi, shi ma sai biki ko rasuwa. Abin da ya fitar da ni Nana ce, 'yar marigayi ɗana Auwalu. Ga wanda bai sani ba, Auwalu malamin firamare ne. 'Yan bindiga suka tare su a hanya shekara shida da suka wuce, Nana tana wata huɗu. Wayarsa ta tafi tare da shi. Uwar ta yi aure a wani gari bayan yaye, ta bar mini yarinyar. Shi kuwa Auwalu shi ne mai ɗaukar kowa hoto, shi ba a ɗaukarsa. Ban da wani ɗan hoton katin makaranta da ruwa ya cinye, ba ni da fuskarsa.

Ina tsefe mata kai wata rana ta ce, "Inna, babana baƙi ne ko fari?"

Na ce wankan tarwaɗa ne. Ta ce dogo ne? Na ce dogo. Sai ta ce ta rufe ido ta gwada, ba ya fitowa.

Nan na tuna da kwamfutarsa da ke ɗakinsa a lulluɓe. Ranar sunan Nana ya jingina waya a kan turmi ya ɗauki bidiyo, da shi kansa a ciki, ya zuba a kwamfutar ya nuna mini, na gani da idona. Kashi huɗu ce: gilashi mai ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin, akwatin ƙarfe da ke zama a ƙasa, allon haruffa, da wani ɗan abu mai jela da ake turawa da hannu.

Na aika a kira Malam Isiyaku mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ku riƙe sunan nan, don shi ne ya jawo mini komai. Ya zo da ɗan janaretonsa, ya jona, ya danna, ba abin da ya motsa. Ya kwankwasa akwatin, ya kwankwasa gilashin, ya gyara zaman tabarau.

"Inna, sai Kaduna. Amma ba sai kin wahalar da kanki da akwatin nan ba."

"Me yake yi?"

"Wuta kawai yake ba ta, kamar sitabilaiza. Shi ne ma ya ƙone. A can suna da irinsa tuli."

"To hotunan fa?"

"A ina kika gan su ranar da ya nuna miki?"

Na nuna gilashin.

"To kin ba kanki amsa. Ɗaga ki ji nauyinsa. Abin da ba komai a ciki zai yi wannan nauyi?"

Na ɗaga, na ji, na yarda. Wa zai ƙi yarda? Mutum ne mai tabarau, shekara talatin yana buɗe cikin rediyo. Har na ce wa Yaya Kande, yayata da muke zaune tare, in mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zagayo ranar Laraba kamar yadda ya saba, ta ba shi akwatin ta karɓo mana roba. Da bakina na faɗa.

Ranar Litinin bayan asuba na naɗe gilashin cikin bargo, na goya shi da zani biyu kamar jariri, allon haruffa da mai jelar a jaka. A tasha Ɗan Azumi direba ya ce a sa a but ɗin mota. Na ce a kan cinyata zai zauna ko a fasa tafiyar. Muka jira har hantsi ya ɗaga kafin sojojin rakiya su iso, motoci suka jeru kamar masu kai amarya, sai dai ba mai guɗa.

Dajin Birnin Gwari ba sai na ba ku labari ba. Da muka shiga kowa ya yi shiru, sai motsin leɓe. Na ga garuruwan da na saba jin sunansu, ciyawa ta fito a ƙofar gidaje. Na kawar da kai. A gefena wata Bafulatana ce da ƙwaryar man shanu, za ta dubo mijinta a asibiti. Muka faɗa wani rami, gilashin ya daki haɓata, man shanunta ya kife a kan bargona. Ta hau ba ni haƙuri, na hau ba ta haƙuri, har muka yi dariya a inda ba a dariya, direba ya harare mu ta madubi.

A ɗaya gefen wani ɗalibi ne, ya toshe kunnuwa da igiyar waya. Lokacin da nake goge man, bargon ya zame, ya ga abin da nake ɗauke da shi. Ya dube shi, ya dubi ƙafafuna, ya dubi jakata. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar da abin kunnensa. A lokacin ban kula ba. Yanzu na san ya gane an bar wani abu a gida. Da ya ce kalma ɗaya, da tun a Buruku na juya. Shi ma ban yafe masa ba tukuna.

A shinge wani soja ya leƙo ya ce, "Mama, mene ne wannan?" Na ce kwamfutar ɗana ce, hotonsa zan je a ciro mini. Ya ce ina ɗan? Na gaya masa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya gyara mini bakin bargon da hannunsa. Wannan shi ne iyakar abin da ya faru, don masu ƙarin gishiri su ji.

Na sauka gidan Bilki, 'yar ƙanena. Maganarta ta farko, "Gwaggo, me ya sa ba ki kira ba kafin ki taso?" A garinmu baƙo sallama yake yi, a can sai ya nemi izini ta waya. Gidan haya ne, ɗaki takwas, kowace mata da kwado a ƙofar kicin ɗinta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa, ina tambayar maigida da yara da gajiya. Wata ta amsa mini da "lafiya" guda ɗaya ta ja labule. Bilki ta ce in daina, za a ce roƙo na zo yi. Tuwon da ta yi mini fari fat, laushi kamar auduga, ka ci ka ƙoshi ka tashi da yunwa. Ruwan sha kuma a leda. Amma yarinyar ta yi ƙoƙari, ta bar mini katifarta. Na nuna mata kayana, ta ce ita waya kaɗai ta sani.

Talata da safe ta kai ni layin masu gyara a kasuwa, ta koma wajen aikinta. Shagon farko samari ne uku, ba wanda ya tashi, ba wanda ya ce sannu da zuwa. Na sauke goyona na kwance. Ɗaya ya toshe hanci saboda man shanu.

"Mama, wannan ai gidan tarihi za ki kai. Ina sifiyun?"

"Ina me?"

"Akwatin. Kwamfutar kanta."

"Ga ta nan gabanka."

Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ɗaga waya zai ɗauke ni. Na ce masa, "Yaro, sauke abin nan. Na ratso dajin Birnin Gwari da wannan a bayana. Kai ko da rakiyar tankar yaƙi ba za ka bi hanyar ba. In ka san abu ka faɗa, in ba za ka faɗa ba ka rufe haƙoranka."

Sai na ji murya daga shagon gefe: "Hajiya, Birnin Gwari kika ce? Shigo nan ki zauna."

Dattijo ne mai furfura, Baba Yohanna. Gbagyi ne ɗan wajen Gwaska ta can yankinmu, ya daɗe a Kaduna, 'yan uwansa ma duk sun baro ƙauyen. Ya ba ni kujera, ya gaishe ni gaisuwa irin ta mutane, har ya tambayi damina. Na ba shi labarin tun daga tsefe kan Nana. Bai yi dariya ba. Ya jawo wani akwati irin na Auwalu sak, ya kwance gefensa.

"Hajiya, gilashin nan taga ce kawai. In kin leƙa ta taga kin ga mutum a ɗaki, a jikin tagar yake?"

Na ce ya ci gaba.

Ni ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni kunne, abin da na ji sau ɗaya ya zauna. Ya nuna mini wani faffaɗan koren allo, ya ce shi ne uwa, komai a jikinsa yake kamawa. Ya nuna wata 'yar fanka, ya ce ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashinta, ita ke duk tunanin, shi ya sa ake mata fifita. Wasu sirara biyu a tsaye ya ce ram ne, kamar faifan da ake tankaɗe a kai, in an tashi daga aiki a kaɗe shi, ba ya ajiye komai. A kusurwa akwai wani ɗan gida mai tarin wayoyi, ya ce wannan ne mai raba wuta, kuma da alama shi kaɗai ya mutu a tamu, abin da za a canza kafin shayi ya huce.

Ya juya bayan akwatin, duk ramuka. Shuɗin mai ƙananan huji, da ƙusa biyu da ake murɗawa, nan igiyar gilashi ke shiga. Ƙananan masu faɗi nan ake soka allon haruffa da mai jelar, wanda ya ce mawus ake kiransa. Da su mutum yake gaya wa kwamfuta abin da yake so, ita kuma ta amsa ta gilashi. Masu zagaye, kore da ja, na sifika ne da abin magana. Ya ce kowane rami da abin da aka yi shi dominsa, in bai shiga da sauƙi ba to ba gidansa ba ne.

Sannan ya zaro wani abu ya ɗora mini a tafin hannu. Girmansa kamar sabulun wanki, amma ya fi shi nauyi. Gefe ɗaya farin ƙarfe da takarda a manne, ɗaya gefen kore.

"Wannan shi ne rumbun. Had dis. Duk abin da ɗanki ya ajiye yana cikin irin wannan. Shi kaɗai za ki sako a aljihu ki zo, ba sai kin goyi komai ba. Akwatin yana gida, ko?"

Na ce yau wace rana? Ya ce Talata. Na ce gobe mai gwangwan zai zo ya ɗauke shi.

Ya miƙo mini wayarsa. Muka kira Yaya Kande, ba ta shiga. Muka kira maƙwabta uku da na haddace lambarsu, ba ta shiga. Ya kira wani ɗan uwansa a garinmu, haka. Ashe sabis ya ɗauke a garinmu tun ranar da na taso. Na ce zan tafi tasha. Ya ce ayarin yau ya riga ya wuce, ba direban da zai shiga dajin shi kaɗai. Na zauna a shagon mutumin nan ina kallon gilashin da na goyo, yana ta ƙamshin man shanu. Da Malam Isiyaku yana kusa, da shi zan kifa masa a ka. Na bar wa Baba Yohanna shi, da allon da mawus ɗin. Na ce ya yi abin da ya ga dama da su.

Laraba tun da duku-duku ina tasha. Ranar ce kuma aka ga damar jinkiri. Hantsi ya wuce, azahar ta kusa, sannan aka tashi. Na san mai gwangwan yana shiga unguwarmu da hantsi. Duk tsawon dajin kowa yana addu'ar kada a tare mu, ni ina addu'ar Allah ya sa tayar kurarsa ta fashe. Ɗan Azumi ya ce, "Inna, ina jaririn naki?" Na ce ya kalli hanya.

Bayan la'asar na shiga gida. Abin da na fara gani a tsakar gida roba biyu ne sababbi, ja da shuɗiya. Yaya Kande ta taso da fara'a.

"Sannu da hanya. Kin ga, ɗaya ya so ba ni, na matsa masa sai da ya ƙara."

Ban ko cire mayafi ba na juya. Tana kirana, Nana tana kirana, ban tsaya ba, sai dai na suri robobin.

Filin 'yan gwangwan yana bayan tasha. Na sami mutumin, Sale, zaune da guduma a tsakanin ƙafafunsa. Na ce ina akwatin da ya karɓa a gidanmu? Ya nuna tudun ƙarafa da haɓa.

"Na farfasa shi tun ɗazu, Inna. Jan ƙarfen ciki nake nema, sauran gobe mota za ta kwashe."

Na ajiye masa robobinsa, na ɗaure mayafi a ƙugu na hau tudun nan. Tsofaffin langa, bakin garma, ƙashin keke, gwangwanin madara. Yana ta cewa zan yanke, na kuwa yanke, ga tabon nan a yatsana. Na fara cin karo da fankar, fiffike ɗaya ya karye. Sai koren allon, ya rabe biyu. Na gane su ɗaya bayan ɗaya kamar ina tsintar kayan ɗana a bakin hanya. A ƙarƙashin wani murfin tukunya na ga wani lanƙwasasshen keji, a cikinsa farin ƙarfe da takarda a manne. Na sa Sale ya kwance ƙusoshin a hankali, na tsaya a kansa, na ce in ya taɓa gudumar nan ni da shi ne. Gefe ɗaya ya loɓa, inda bugun ya same shi.

Hanyar gida ta bi ta gaban rumfar Malam Isiyaku. Ya hango ni ya washe baki.

"Inna, an dawo? An dace?"

Na ɗora masa abin a kan tebur. "Mene ne wannan, Malam?"

Ya juya shi, ya gyara tabarau. "Wannan kamar wani ɓangaren injin ne."

"Rumbun ne. Had dis. A cikin sitabilaizarka yake zaune. Akwai uwa a ciki, akwai ƙwaƙwalwa, akwai ram, akwai mai raba wuta. Gilashin da ka sa na goya taga ce."

"Ai dama abin da nake nufi—"

"Ba abin da kake nufi. Ba laifi ba ne mutum bai sani ba, ni ma ban sani ba. Da ka ce mini 'Inna, ban sani ba', da duka na ɗauka na tafi. Nauyin kalma uku ne ya gagare ka, ni ka ɗora mini nauyin wancan har Kaduna. In fuskar yaron nan ta ɓace, kai da ni muka ɓatar da ita, amma kai ka fara."

Mutane sun taru. Na ɗauki rumbun na wuce. Har yau in na bi ta wajen sai ya sunkuya cikin rediyo.

Washegari na naɗe rumbun a ɗankwali uku na kai wa Ɗan Azumi, na ce hannu da hannu ga Baba Yohanna, kuma a aljihun gaba. Ban gaya wa Nana komai ba, don kada in yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna. Kwana tara ina jira. Abinci ba ya shiga, Yaya Kande kuma tana ta bin bango kamar ita ta yi laifi, har sai da na zaunar da ita na ce maganata ta bi.

A rana ta tara Ɗan Azumi ya yi sallama da ambulan. A ciki akwai ɗan memori, bai kai farcen babban yatsa ba, da takarda. Baba Yohanna ya rubuta cewa bugun ya ɓata da yawa, hotuna sun tafi, bidiyon ma farkonsa kaɗai ya iya cetowa. Ya ce in yi haƙuri.

Maƙwabciyarmu ta sa memorin a wayarta. Muka zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Nana a tsakiya, ni ina leƙe ta kafaɗarta. Da farko ƙasa ce kawai da gindin turmi. Sai hoton ya girgiza, sai ga fuskar Auwalu ta cika wayar, kusa ƙwarai, yana gyara zaman abin, ya ɗan ciji leɓe kamar yadda yake yi in yana aiki. Nana ba ta yi motsi ba. Ya ja baya, ya duba, ya ɗaga kai ya kalli gefe.

"Inna, ki ɗan matsa mana, kin tare haske."

Nan bidiyon ya tsaya. Iyakarsa ke nan.

Sai da Yaya Kande ta taɓa ni na lura na matsa, har na sauka daga tabarmar. Nana ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce a sake sa mata.